Ruwan Idon da Muka Ce Zai Nuna

Mijina Abu Sani direba ne, kuma bangon gidanmu ne ya fara gaya mana ba shi da lafiya. Shekara da shekaru yana shigo da mota lungunmu na unguwar Sa'alaba a Jidda, lungun da mai amalanke ma sai ya yi dabara, bai taɓa gogar ko fenti ba. Ran nan da la'asar muka ji ƙarar ƙarfe. Na leƙa na same shi tsaye yana shafa gefen motar, yana cewa wallahi bangon ne ya matso. Na yi ta yi masa tsiya har ya gama cin abinci, ban san gefen idonsa ya daɗe da rufewa ba.

Ina rubuta wannan ne domin mata irina da jinya za ta faɗo wa a garin nan. Akwai waɗanda zan gode wa, akwai waɗanda har yau zuciyata ba ta huce da su ba, kuma wani lokacin mutum ɗaya ne.

Ni haifaffiyar Jidda ce. Kakannina sun zo aikin hajji a ƙafa, suka zauna. Shi kuwa a Mai Wurno aka haife shi, garin Hausawa a Sudan, a bakin kogi. Yana saurayi ya yi aiki da Turawa a tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan, can ya kwashi Turanci, sannan ya ƙetaro. Mahaifiyarsa, Inna, tana can Mai Wurno. Rabonsa da ita tun kafin in haifi autata. Kowace shekara yakan aika mata da atamfa da turare ta hannun alhazai, ya ce baɗi da kansa zai kai. A lokacin da nake magana, cikin shekarun saba'in na Turawa, yana tuƙa iyalin wani injiniya Ba'amurke, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, a hannun kamfaninsu take. Da takardar nan muke zaune ni da yara, da ita muke ci.

Makon farko mun ce gajiya ce. Na sa masa kwalli, na ɗiga masa zamzam. Mako na biyu ya fara ganin bakan gizo kewaye da fitila, kansa yana sarawa har ya yi amai. Sai yayana, Yaya Bukhari, mai kanti a Sharafiyya, ya rufe kantinsa ya ce yalla, mu tafi asibiti. Shi ne mai bakin shiga ofis a danginmu.

Wanda bai taɓa layin asibitin gwamnati a zafin Jidda ba, kada ya ce ya san haƙuri. Mun je bayan sallar asuba, muka tarar mutane sun riga sun jera takalmansu a madadinsu, su suna zaune a inuwa. Aka ce layin maza daban, na mata daban, ni kuma ni ce mai riƙe masa hannu. Muka yini aka ce bukra, wato gobe. Muka koma aka ce likitan ido yana tiyata. Da ƙyar muka samu shiga wajen wani likita Bamisire mai furfura. Ya haska masa ido, ya danna, ya sa aka ɗebi jini. Sannan ya bar Abu Sani a kan gado, ya kira ni da Yaya waje.

Maganarsa tana nan a kunnena. Ya ce ruwan ido iri biyu ne. Akwai farin ruwa, wanda ake jira ya nuna a cire, mutum ya koma gani. Akwai shuɗin ruwa, mayya zarga, shi kuwa abin da ya ci ya ci. "Na mijinki shuɗi ne, kuma ya yi nisa. Ga sukari ya daɗe a jikinsa ba ku sani ba. Ido halas, ya riga ya tafi. Yanzu ku kula da ƙafa da ƙoda."

Na jingina da bango. Yaya ya riƙe gefen mayafina ya ce, "Ya ukhti, ƙanwata, ki share fuskarki. Ba za a gaya masa ba."

"Yaya, idonsa ne fa."

"Na sani. Yau kika gaya masa, gobe ya hau jirgin Bur Sudan. Ya fita, iƙama ta mutu, ba mai dawo da makaho. Ke da yaran ku zauna da wace takarda? Kuma tun yaushe ake gaya wa mara lafiya irin wannan? So kike zuciyarsa ta buga?"

A cikin tasi, Abu Sani ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Rakiya, ku gaya mini. In makanta ce, in tafi wajen Inna tun ƙafata tana ɗaukata. In kuma na aiki ne, in jira. Ba na so ta gan ni ana ja na da sanda, in dai akwai yadda za a yi."

Kafin in buɗe baki Yaya ya amsa daga gaba. "Farin ruwa ne, ya Abu Sani. Daktor ya ce a jira ya nuna, su cire, ka koma bakin sitiyarinka."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "To mu jira."

A gidajenmu haka ake yi, kowa ya sani. Mara lafiya shi ne na ƙarshen jin labarin jikinsa. Ni ma haka na tashi na gani, kuma mace ba ta ƙaryata yayanta a gaban mijinta a cikin motar haya. Na juya ina kallon titi.

Dole in faɗi alherin Yaya. Shi ya yi ta zirga-zirga har kamfanin suka yarda su bar sunan Abu Sani a takardunsu a matsayin mai gadi. Shi ya ɗauki kuɗin allurar sukari wata da watanni, da ya gaji na sayar da awarwarona na aure. Wata nas 'yar Sudan ta koya mini tafasa sirinjin gilashi a tukunya da yadda ake tsira allura a cinya, ba ta karɓi ko kwalbar lemo ba. Allah ya saka musu.

Ana cikin haka aikin injiniyan ya ƙare, za su koma ƙasarsu. Matarsa, wadda muke kira Madam, ta zo har gidanmu ta zauna a tabarma, ƙafafunta sun rasa inda za su shiga. Ta kawo rikoda da kwali cike da kaset. Ashe tana sa su a mota in za su yi tafiya mai nisa, har wata rana dariya ta ƙwace wa Abu Sani a bakin sitiyari, ta gane yana ji. Wani mutum ne yake karanta littattafan wani tsohon marubucin ƙasarsu da ya mutu tun da daɗewa, mutum mai ban dariya. Wasu ƙagaggun labarai ne, wasu labarin rayuwarsa ne da kansa. Ta jera su bi da bi, ta nuna mini daga inda zan fara, da yake ba na karanta rubutunsu.

Ni da farko haushi abin ya ba ni. Muna neman magani an kawo mana surutu. Amma ranar da na danna masa na farko, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji dariyar da rabona da ita tun kafin motar ta gogi bango. Na shigo da gari a hannuna na ce, "Kai da wa?"

"Ni da wannan maƙaryacin. Zauna ki ji."

Daga nan muka samu abin yi. Bayan allurar safe in sa kaset, ya saurara kaɗan, ya ɗaga hannu in tsayar, ya juya mini da Hausa. Yara ne masu gudun makaranta su tafi bakin wani ƙaton kogi. Jiragen ruwa ne masu hayaƙi, da mutane masu shara ƙarya fuskarsu a ɗaure kamar suna wa'azi. Abu Sani ya ce abin da ya fi burge shi, mutumin ba ya dariya da kansa, sai ya faɗi magana ya wuce, kana can gaba ta kama ka. Ni ban taɓa ganin kogi ba. Teku na sani, mai gishiri, wanda ba a sha. Nakan tambaye shi da gaske ruwa yana tafiya shi kaɗai dare da rana bai ƙare ba, ya ce, "'Yar Jidda ke nan. Bari a buɗe mini ido in kai ki."

Masu zuwa dubiya ba su so abin ba. Maƙwabciyarmu Hajiya Kulu ta ja ni gefe ta ce mutum yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai da muryar Nasara, a bincika ko iska ce. Wata ta kawo zuma a ɗiga a ido. Wani ya ce ƙaho a ƙeya, aka yi, wurin ya ƙi warkewa da wuri saboda sukari. Kowa ya zo da nasa maganin, kowa kuma ya san gaskiya, ya zauna yana ce masa, "Ya kusa nuna, in sha Allahu." Unguwa guda ta sani, ban da mai idon.

Da lokacin hajji ya zo, ya ji labarin wani mai kwantar da farin ruwa da tsinke ya sauka a unguwar Bani Malik cikin alhazai. Ya tashi ya nemi takalminsa. "Tunda fari ne, me muke jira? Ku kai ni." Na aika aka kira Yaya, ya zo ya ce mutumin ya wuce Madina. Washegari ya ce an kama shi. Ƙaryar da muka yi sau ɗaya a tasi ta zama kamar akuya a gida, kullum sai an ba ta abinci. Alhazan Mai Wurno suka zo, ya sa na ba su atamfar Inna, ya ce su ce mata aiki ne ya riƙe shi, amma baɗi tabbas. Ya roƙe su kada su ambaci idon.

Na je kantin Yaya ba sau ɗaya ba. Na ce masa mutumin nan yana ramewa, a bar shi ya je. Ya ce, "Sabur, ya Rakiya, ki yi haƙuri. Bari Sani ya gama makaranta ya samu aiki da kafili nasa, mai tsaya masa a takarda, sai a gaya masa." Sani babban ɗanmu ne, kuma saura masa shekara biyu a lokacin. Na yi masa kuka a gaban masu sayayya, ya ba ni buhun shinkafa ya sa aka raka ni gida. Na karɓi shinkafar, don muna bukata.

Sannan ƙafa ta shigo. Ya taka garwashin kaskon turare bai ji ba, sai ƙauri na ji. Ɗan ƙuna kamar ƙwayar dabino ya ƙi rufewa. Muka koma layi. Wanki yau, wanki jibi, a yanke ruɓaɓɓen nama, a naɗe. Likitan ya daina haska masa ido gaba ɗaya, da mun shiga sai ya durƙusa wajen ƙafa. Bayan 'yan makonni suka cire yatsa. Bayan wata guda suka cire biyu. Fuskarsa ta fara kumbura da safe, fitsari ya ragu, abinci ya koma yi masa ɗanɗanon ƙarfe. Na gaji irin gajiyar da nakan tsaya a gaban murhu in manta abin da ya kawo ni. Akwai ranar da na roƙi Allah ya yi wadda zai yi, ko ta wane gefe, don ni na ƙare.

A lokacin mun kai ƙasan kwalin, wajen kasetocin da tsohon yake ba da labarin rayuwarsa. Muryar mai karatun ba ta canja ba, amma Abu Sani ya rage dariya. Na tambaye shi, ya ce, "Ya tsufa. Ya binne mutanensa da yawa. Dariyar tana nan, amma ta yi ɗaci." Na ce to mu koma na farko. Ya ce a'a, ba a barin mutum a tsakiyar magana.

Abin mamaki, fassarar sai ta ƙara daɗi. Yakan ɗaga hannu in tsayar, ya yi ta ba ni labari har shayi ya huce. Baturen, in ji shi, yana yaro ya saci kwalekwalen kawunsa ya tafi kamun tarwaɗa, ruwa ya ƙwace masa sandar tuƙi, ya yini yana juyi a tsakiyar kogi yana kiran sunan duk waliyyin da ya sani. Da aka ciro shi, uwarsa ta zane shi da igiyar guga, sannan ta zauna ta fi shi kuka, ta toya masa kisra, wainar nan ta Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya.

Na ce, "Abu Sani, Amurkawa ma suna cin kisra?"

"Ke me kika sani? Kin taɓa zuwa?"

Na gane, kuma ya san na gane, muka ci gaba a haka. Uwar Baturen ta zama mai tsagar fuska, mai tauna asawaki tana faɗa. Tana gane tafiyar ɗanta tun daga bakin zaure. Tana ɓoye masa kan kifi a ƙarƙashin faifai kada yayyensa su gani. Shekarun aurenmu duka bai taɓa ba ni labarin Inna haka ba, don namiji a wajenmu ba ya zama ya ce yana kewar uwarsa. Sai da ya samu Bature ya laɓe a bayansa.

Ranar da nake son faɗa, da hantsi ne. Na gama wanke ƙafar, na sa kaset, na zauna ina tsince shinkafa. Kaset ya yi ta tafiya har ya kai ƙarshe, maɓallin ya yi ƙas ya tashi. Ina shirin miƙewa in juya shi, sai Abu Sani ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba.

"Ya ce da ya tsufa idonsa ya tafi. Matarsa ta ce masa farin ruwa ne, a jira ya nuna. Ya ce shi ya yarda, har ranar da ya lura likita ya daina duba idon. Wanda ake jiran ruwansa ya nuna ai leƙawa ake yi a ga ko ya nuna."

Shinkafar ta zube a cinyata. Na ce, "Abu Sani, kaset ya tsaya."

"Na ji ya tsaya."

"Tun lokacin ka sani? Ba a cire maka yatsa ba a lokacin, ƙafarka tana ɗaukarka. Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In ce me? In ce ke da yayanki kun yi mini ƙarya? Na san abin da kuke tsoro, kuma kuna da gaskiya. In na ce zan tafi, na bar ki da yara ba takarda. Sai na ce bari in jira, in Rakiya ta ce tafi, in tafi da zuciya ɗaya." Ya lalubo hannuna. "Ba faɗa nake yi ba. So nake kawai kafin kwalin nan ya ƙare mu yi magana ɗaya ba da bakin Bature ba."

Na ce, "Tafi. Ni zan kai ka. Shuɗin ruwa ne, ba zai buɗe ba, tafi."

Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. To juya mana kaset."

Ranar ban nemi izinin kowa ba. Na sa mayafi na tafi Sharafiyya na gaya wa Yaya a gaban yaran kantinsa cewa an gama ɓoyo. Bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai, kuma shi da kansa ya shiga neman takardar fita da tikitin jirgi. Amma takarda a garin nan ba ta san mutum yana sauri ba. Kafin ta fito, kumburin ya hau har ƙirji. Likitan ya ce mutumin da ba ya iya zama a kujera ba zai kwana a teku ba, balle jirgin ƙasa da babbar mota har Mai Wurno. A wannan karon na sa ya faɗa a gaban mai ciwon. Abu Sani ya ce, "Shukran, ya daktor," kamar an ba shi kyauta.

An kwantar da shi, ba a yarda da rikoda a ɗakin marasa lafiya ba. Ya rasu ranar wata Laraba bayan azahar, ina ba shi ruwa da cokali. Takardar fitar ta iso muna zaman makoki. Saura kaset uku a kwalin ba mu ji ba, kuma ba wanda zai juya mini su.

Hajjin da ya biyo baya, wata dattijuwa daga Mai Wurno, Hajiya Asabe, maƙwabciyar Inna, ta nemo gidanmu ta yi mini gaisuwa. Mutanen garinsu sun ji rasuwar. Na ba ta labarin duka, har da maganar da ya yi a tasi, cewa ba ya so Inna ta gan shi ana ja da sanda. Sai ta ajiye kofin shayin.

"Ta gan shi da me, 'yata? Ai Inna ta fi shekara biyar ba ta gani. Ita ta hana a gaya masa, wai yana tuƙi, kada hankalinsa ya rabu. Atamfofin da yake aikowa shafa su take yi. Kullum cewa take in ya zo, fuskarsa kawai za ta shafa."

Na ce, "To ita Inna, ya ta ɗauki rasuwar?"

"Ba a gaya mata ba tukuna. Muna jira ta ɗan ji ƙarfi. Shi ya sa ma na zo, ko akwai ɗan turare ko yadi da zan kai mata in ce daga gare shi ne."

Na riƙe hannayenta biyu na ce don girman Allah ta gaya mata. Ta gaya mata ya makance, ya so zuwa, ya yi ta ba da labarinta har ƙarshe, kuma ya rasu. Na ce tsohuwar nan tana zaune tana sauraren tafiyar da ba za ta ji ba, a bar ta ta yi kukan ɗanta.

Hajiya Asabe ta dube ni da tausayi, ta gyara mayafinta, ta miƙe.

"Haba 'yata," ta ce. "Tsohuwa ce fa. Ba a yin haka."